Tambayoyi da Amsoshi kan Lunar Orbiter, Kumbunan da Suka Ɗauki Hoton Wata Kafin Ɗan Adam Ya Taka Shi

Duk mai bibiyar tarihin tafiya duniyar wata yakan ci karo da wasu tsofaffin hotuna baƙi-da-fari masu siraran layuka a jikinsu, waɗanda aka ɗauka shekaru biyu zuwa uku kafin saukar 'yan sama jannatin Apollo, shirin Amurka na kai mutum wata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu sha'awar ilimin sararin samaniya suka fi yawan yi game da kumbunan da suka ɗauki waɗannan hotuna.

Mene ne Lunar Orbiter?

Suna ne na jerin kumbuna biyar marasa matuƙi da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba tsakanin watan Agusta na 1966 da watan Agusta na 1967, domin su kewaya wata suna ɗaukar hoton doronsa. Cibiyar bincike ta Langley da ke jihar Bajiniya ce ta jagoranci aikin, kamfanin Boeing ya ƙera kumbunan, Eastman Kodak ya haɗa kyamarar, RCA kuma ya samar da kayan sadarwa. Nauyin kowane kumbo ya kai kimanin kilo 385, yana da farantan sola huɗu da eriya biyu da ƙaramin injin roka guda ɗaya, kuma rokar Atlas-Agena ce take ɗaga shi daga Cape Kennedy a jihar Filorida.

Dukansu biyar sun isa wata, sun kuma aiko da hotuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, idan aka tuna cewa kumbunan Ranger guda shida na farko duk sun gaza aiko da hoton wata ko ɗaya.

Me ya sa NASA ta buƙaci waɗannan hotuna, alhali ana ganin wata da madubin hangen nesa daga nan duniya?

Tun da Shugaba John F. Kennedy ya yi alkawari a watan Mayu na 1961 cewa Amurka za ta kai mutum wata kafin ƙarshen shekarun 1960, injiniyoyi suka fuskanci wata tambaya da ba ta da amsa a lokacin: a ina za a sauka? Mafi kyawun madubin hangen nesa na duniya a lokacin ba ya iya rarrabe abin da faɗinsa bai kai ɗaruruwan mitoci ba a doron wata, saboda nisa da kuma motsin iskar da ke lulluɓe da duniyarmu. Shi kuwa ƙaramin jirgin da zai sauke mutane, dutse mai tsayin mita ɗaya ko gangare mai ɗan tsauri ya isa ya kifar da shi. Filin da ake gani sumul daga nan yana iya kasancewa cike da ramuka da duwatsu.

Saboda haka aka raba aikin leƙen gida uku. Kumbunan Ranger suna tafiya kai tsaye su faɗa kan wata, suna aiko da hoto har daƙiƙar ƙarshe, amma ɗan ƙaramin wuri kaɗai suke nunawa. Kumbunan Surveyor suna sauka a hankali domin a gwada ko ƙasar za ta ɗauki nauyin jirgi, tun da akwai masana, irin su Thomas Gold, da suka yi gargaɗin cewa ƙura mai zurfi na iya rufe filayen. Aikin Lunar Orbiter shi ne ya duba faɗin ƙasa daga sama, ya nuna inda fili mai laushin sauka yake da kuma hanyar da jirgi zai bi ya kai gare shi.

Shin shi ne kumbo na farko da ya ɗauki hoton wata daga kusa?

A'a. Tarayyar Sobiyet ta riga Amurka a matakai da dama. Kumbonta Luna 3 ya ɗauki hoton bayan wata a watan Oktoba na 1959, amma wucewa ya yi ba kewayawa ba, kuma hotunan sun fito dishi-dishi. Luna 9 ya sauka lafiya a watan Fabrairu na 1966, sannan Luna 10 ya zama kumbo na farko da ya shiga kewayen wata a watan Afrilu na wannan shekara, sai dai ba ya ɗauke da kyamara. Matsayin Lunar Orbiter 1 shi ne kumbon Amurka na farko da ya kewaya wata, kuma na farko a duniya da ya aiko da hotuna yana cikin kewayawar. Luna 12 ya yi irin wannan aiki bayan kimanin wata biyu.

Yaya tafiyar Lunar Orbiter 1 ta kasance?

An harba shi ranar 10 ga Agusta 1966, ya shiga kewayen wata ranar 14 ga watan. Kumbon yana gane inda ya fuskanta ne ta hanyar kallon rana da kuma wani tauraro mai haske da ake kira Canopus, amma a hanya na'urar da ke bin tauraron ta rikice, har sai da masu kula da shi suka yi amfani da watan kansa a matsayin alama kafin su gyara masa hanya. Da farko yana kewayawa ne a hanya mai siffar ƙwai, yana matsowa kusa da wata har kimanin kilomita 190, yana kuma yin nisa har fiye da kilomita 1,800, daga baya aka sassauto da shi har ya riƙa wucewa ƙasa da kilomita 60 daga doron watan.

Ya ɗauki hotuna daga 18 zuwa 29 ga Agusta. Nasarar ba ta cika ba, domin yawancin hotunan da babba daga cikin gilasan kyamarar biyu ya ɗauka daga kusa sun fito a goge, saboda murfin da ke buɗe wa haske hanya yana tashi ba a kan lokaci ba. Hotunan ƙaramin gilashin kuwa sun yi kyau, su aka yi aiki da su, kuma an gyara matsalar kafin a harba kumbo na biyu. An yi bayanin abin da ke goge hoto a amsar tambayar gudun kumbo da ke ƙasa.

Me ya sa aka yi amfani da fim, ba kyamarar talabijin ba?

Dalilai biyu ne, kuma duka suna komawa ga ƙarancin fasahar lokacin. Na farko, kyamarar talabijin ta shekarun 1960 ba ta iya kama ƙananan abubuwa a fili mai faɗi kamar yadda fim mai laushin ƙwaya yake yi. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, babu wata ma'adanar lantarki da za ta iya riƙe bayanin hoto mai yawa haka a cikin ƙaramin kumbo. Kumbon yana wucewa ta kan wurin da ake so cikin 'yan daƙiƙoƙi, amma aiko da hoto ɗaya ta rediyo yana cin mintuna masu yawa. Fim ya warware wannan, domin shi ne kyamara kuma shi ne ma'ajiya: a ɗauka da sauri, a aiko a hankali.

Fasahar ba sabuwa ba ce ga Kodak, domin ya riga ya gwada irinta a tauraron leƙen asirin sojan Amurka mai suna Samos, inda ba ta yi wani abin kirki ba. A wata, inda babu hanyar dawo da fim gida, ita ce ta dace. An zaɓi fim mai faɗin milimita 70 wanda ba ya saurin kama haske, domin kada burbushin hasken da rana ke fesowa ya ɓata shi a hanya.

Ta yaya ake wanke hoto a cikin kumbo, inda babu mutum kuma ruwa ba ya zama a kwano?

Nan ne gwanintar aikin take. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin duhun mai hoto na da, ya ga kwanukan ruwan magani da igiyar shanya, to duk wannan ne aka tattara a cikin wata tukunyar ƙarfe rufaffiya da aka cika da iskar naitirojin aka kuma daidaita zafinta. A cikinta akwai gilasan kyamara biyu, ɗaya mai milimita 610 domin kusanto da abu, ɗaya mai milimita 80 domin ɗaukar faɗin wuri, kuma suna ɗauka tare a kan zaren fim guda, ta yadda hoton kusa yake faɗowa a tsakiyar yankin da hoton faɗi ya nuna. Tsawon fim ɗin ya kusa mita 80, wanda ya isa a ɗauki irin waɗannan tagwayen hotuna kimanin 200.

Maimakon ruwa, sai aka yi amfani da wani zare na biyu mai suna Bimat, wanda aka jiƙa da maganin wanki tun daga duniya. Bayan an ɗauki hoto, injin yakan manna fim ɗin da wannan zare na 'yan mintuna, maganin ya fito da hoton ya kuma tsayar da shi, sannan a raba su, fim ɗin ya bi ta kan wani ganga mai ɗumi ya bushe, ya naɗe a wani ƙaramin gwangwani yana jiran a karanta shi. Tsarin yana da sharaɗi mai tsanani: kafin a karanta fim ɗin gaba ɗaya dole a ja shi da baya, kuma ba ya komawa baya sai an yanke zaren Bimat. Da zarar an yanke, ɗaukar hoto ya ƙare har abada a wannan kumbo. Ke nan akwai ranar da masu kula da aikin za su yanke shawarar cewa abin da aka samu ya isa.

Bayan an wanke, yaya hoton yake isowa duniya, kuma daga ina layukan nan na jikinsa suka fito?

Wani siririn haske, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba nesa ba kusa ba, yana bin fim ɗin layi-layi. Inda fim ya yi duhu haske kaɗan ke ratsawa, inda ya yi fari da yawa ke ratsawa, sai wata na'ura a bayansa ta mayar da wannan bambanci siginar lantarki, a aiko da ita ta rediyo. Hasken ba ya iya share hoton duka a tashi ɗaya, yana bin sa ne yanki-yanki, kowane yanki faɗinsa kimanin milimita biyu da rabi, kuma karanta tagwayen hoto guda yana cin kusan minti 43.

Tashoshi uku ne ke karɓa: Goldstone a Kalifoniya, Woomera a Ostireliya, da wata kusa da Madrid a Sifaniya, an rarraba su haka ne domin duk yadda duniya ta juya a samu wadda ke kallon wata. A can ana naɗar siginar a faifan maganaɗisu, ana kuma mayar da ita hoto a kan fim mai milimita 35, sannan ma'aikata su jera yankunan gefe da gefe su sake ɗaukar hotonsu. Mahaɗar waɗannan yankuna ita ce layukan da ake gani. Kowane mataki na kwafi yana rage wa hoton kyau, kuma wannan shi ne tushen labarin da ke amsar ƙarshe.

Kumbon yana gudu sosai, me ya hana hotunan gogewa?

Idan ya matso kusa da wata gudunsa ya wuce kilomita ɗaya da rabi a daƙiƙa guda, don haka ko a ɗan ƙiftawar da murfin kyamara yake buɗe, ƙasar ta riga ta gusa da mitoci da dama. Maganin da aka yi shi ne wata na'ura da ke leƙa ƙasa ta cikin babban gilashin tana auna saurin gusawarta, sai ta sa fim ɗin ya ɗan matsa daidai da wannan sauri a lokacin ɗauka. Idan komai ya tafi daidai, ana iya gane abin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba. Idan murfin ya tashi kafin fim ya fara matsawa, kamar yadda ya faru a kumbo na farko, hoton yakan goge.

Akwai kuma batun lokaci. Ana ɗaukar hoto ne jim kaɗan bayan rana ta fito a wurin, tana ƙasa-ƙasa, domin a lokacin ne kowane dutse da kowane rami ke da doguwar inuwa, kuma daga tsawon inuwar ake lissafa tsayin dutsen ko zurfin ramin. Da rana tsaka, fili mai hatsari da mai lafiya duk kama ɗaya suke yi.

Me sauran kumbuna huɗun suka yi?

Na biyu, wanda aka harba ranar 6 ga Nuwamba 1966, da na uku, na 5 ga Fabrairu 1967, sun ci gaba da binciken wuraren sauka a tsakiyar fuskar watan da ke kallonmu, har adadin wuraren da kumbuna ukun farko suka duba ya kai 20. Na biyun ne ya ɗauki hoton ramin Copernicus a karkace daga tsayin kimanin kilomita 45, inda aka ga tsaunukan tsakiyar ramin da bangayensa kamar mutum na tsaye a bakinsa, jaridun lokacin kuma suka kira shi hoton ƙarni. Na ukun ya hango kumbon Surveyor 1 a inda ya sauka, ko da yake injin jan fim ɗinsa ya lalace kafin a gama karanta duk abin da ya ɗauka.

Da buƙatar Apollo ta biya, sai aka sakar wa masana kimiyya ragowar biyun. Na huɗu, na 4 ga Mayu 1967, an sa shi ya riƙa bi ta saman ƙuryar arewa da ta kudu daga nesa, ya ɗauki kusan dukkan fuskar watan da muke gani, duk da cewa ƙofar da ke kare kyamararsa daga sanyi ta ba da matsala har raɓa ta taru a gilashin. Na biyar, na 1 ga Agusta 1967, ya cike guraben da suka rage a bayan wata. A jimlace an samu hoton kashi 99 cikin 100 na doron wata.

Shin gaskiya ne wannan kumbo ne ya fara ɗaukar hoton duniya daga wata?

Gaskiya ne. Ranar 23 ga Agusta 1966 aka juya Lunar Orbiter 1 ya ɗauki duniya tana rataye a saman gefen wata, rabi a haske rabi a duhu, tashar Madrid ce kuma ta karɓi hoton. Ba ya cikin tsarin aikin na asali, kuma sai da aka yi muhawara kafin a amince, domin juya kumbon yana nufin ya saki rana da tauraron da yake dogara da su, ba kuma tabbas zai sake kama su. Kada a haɗa shi da sanannen hoto mai launi na fitowar duniya, wanda William Anders ya ɗauka da hannunsa a tafiyar Apollo 8 ranar 24 ga Disamba 1968.

Yaya aka ɗauki hoton bayan wata, ba duhu ne a can ba?

Ba duhu ba ne. Wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya a daidai lokacin da yake kewaya duniya sau ɗaya, shi ya sa fuska guda muke gani kullum, amma rana tana haska ko'ina bi da bi. A kwanakin da wata ya ɓace mana kafin tsayuwar jinjirin wata, bayansa ne ke cikin hasken rana sosai. Abin da ba ya kaiwa can shi ne siginar rediyo, don haka kumbon yakan ɗauki hoton bisa umarnin da aka ajiye masa, ya aiko bayan ya zagayo.

Ban da hotuna, an gano wani abu?

An gano, kuma abu mafi muhimmanci ba kyamara ce ta gano shi ba. Masu bin sawun kumbunan ta rediyo sun lura cewa gudunsu yana ɗan ƙaruwa idan suka bi ta kan wasu manyan filaye masu siffar da'ira. A 1968 Paul Muller da William Sjogren na cibiyar binciken NASA mai suna JPL suka nuna, daga bayanan kumbo na biyar, cewa a ƙarƙashin filaye irin su Imbrium da Serenitatis da Crisium akwai dunƙulen abu mai nauyi fiye da kewayensa, wanda ke ƙara ƙarfin jan wata a wurin. Wannan yana karkatar da duk wani jirgi da ke kewayawa ƙasa-ƙasa, dole masu lissafin hanyar Apollo suka sa shi cikin lissafi.

Kowane kumbo yana kuma ɗauke da ƙananan gwangwanaye 20 masu iska a ciki, waɗanda ke sanar da duniya idan ƙwayar dutsen sarari ta huda su. An samu hudawa 22 a duk tafiye-tafiyen biyar, abin da ya nuna hatsarin bai kai yadda ake tsoro ba.

Hotunan sun yi wa Apollo amfani a zahiri?

Sun yi. Filin da Apollo 11 ya nufa a Mare Tranquillitatis a watan Yuli na 1969 yana cikin waɗanda kumbo na biyu ya ɗauka. Amma hoto bai hana kwamandan tafiyar, Neil Armstrong, karɓar tuƙi da hannu ba sa'ad da ya ga kwamfutar jirgin tana kai su gefen wani rami mai tarin duwatsu, domin sun zarce inda aka tsara da 'yan kilomitoci. Misalin da ya fi nuna darajar hotunan shi ne Apollo 12. Masanin taurari Ewen Whitaker ya gwada ramukan da Surveyor 3 ya ɗauka daga ƙasa da waɗanda ke hotunan Lunar Orbiter har ya gano takamaiman inda kumbon yake zaune, a watan Nuwamba na 1969 kuma 'yan sama jannatin suka sauka ƙasa da mita 200 daga gare shi, suka taka da ƙafa suka ciro wasu sassansa.

Tashar NASA da aka taɓa yi a Kano ta taka rawa a wannan aiki?

Ba ta cikin tashoshin da suka karɓi hotunan. An kafa tashar Kano ne a farkon shekarun 1960 domin shirin Mercury, inda ake bin sawun 'yan sama jannati masu kewaya duniya a kusa. Sauraron kumbo daga nisan kusan kilomita 384,000 aiki ne na manyan eriyoyin tashoshi ukun da aka ambata a amsar isowar hoto.

Ina kumbunan suke yanzu?

Duk sun tarwatse a doron wata. Huɗu da gangan aka faɗo da su, domin kada siginarsu ta shiga ta kumbunan da za su biyo baya: na farko ranar 29 ga Oktoba 1966 a bayan wata, na biyu da na uku a watan Oktoba na 1967, na biyar ranar 31 ga Janairu 1968. Na huɗu an daina ji daga gare shi tun watan Yuli na 1967, ya kuma faɗo da kansa daga baya.

Me ya sa wasu hotunan da ke intanet suka fi na tsofaffin littattafai kyau ƙwarai?

Saboda faya-fayan maganaɗisun da tashoshi suka naɗa suna ɗauke da siginar asali, kafin kwafi bayan kwafi ya rage mata kyau. Faya-fayan, kimanin 1,500, sun kusa salwanta, sai wata ma'aikaciyar JPL mai suna Nancy Evans ta tsaya kai da fata aka adana su, ta kuma tattara tsofaffin injunan Ampex FR-900 da ke iya karanta su, kowanne kusan rabin tan, ta ajiye a gidanta shekara da shekaru babu mai ba da kuɗin gyara.

A 2008 Dennis Wingo da Keith Cowing suka ɗauki aikin, suka kafa sansani a wani tsohon shagon McDonald's da aka daina amfani da shi a harabar cibiyar Ames ta NASA a Kalifoniya, suka nemo tsofaffin injiniyoyin da suka san injunan, suka tayar da ɗaya ta hanyar ciro kayan gyara daga sauran. Hoto na farko da suka fitar a watan Nuwamba na wannan shekara shi ne na duniya na 23 ga Agusta 1966, inda gajimare da gefen wata suka fito da tsabtar da ba a taɓa gani ba a bugun farko. Masana suna gwada waɗannan hotuna da na kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter, wanda aka harba a 2009, domin gano sababbin ramukan da duwatsun sarari suka haƙa a tsakanin lokutan biyu.